Yadda Jafaru Ya Sayo Shiru a Kasuwar Batsari

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Jinjiri a Karare ya san Jafaru. Ko bai ga fuskarsa ba, ya ji muryarsa. Ɗan acaɓa ne siriri kamar karan dawa, amma in ya fara ba da labarin kansa sai ka rantse shi ya haƙa rijiyoyin ƙasar Batsari da farce. Shi ne ya taɓa kama kura da hannu ɗaya a hanyar Wagini, ɗaya hannun yana riƙe da kan babur. Kurar nan kuwa kullum ƙara girma take yi, har Jinjiri ya ce in ba a yi hankali ba wata rana za ta fito da ƙaho.

Abu ɗaya ne ke sa bakin Jafaru rawa: Ramlat, 'yar Fulanin Babban Duhu mai kawo nono kasuwa. Yarinya ce mai magana ƙasa-ƙasa, in ba ka karkato da kunne ba iska ta riga ka ɗauka. Wata rana da yamma ya je zance wurinta, yana tsakiyar labarin kurar, ya kai daidai inda ya murɗe mata wuya, sai bajimin gidan ya yi ruri a bayan danga. Hadari ake ce wa bajimin, kuma ba a banza aka raɗa masa sunan ba. Kafin Ramlat ta ƙifta ido, Jafaru yana kan rumbun gero, takalminsa ɗaya a ƙasa. Daga kan rumbun ya yi mata sallama, ya ce ya tuna da wani fasinja.

Ranar kasuwa Ramlat ta kawo masa takalmin a goge tas, naɗe cikin ganye. Ta ce, idonta a ƙasa, Baffa Usaini, ƙanen mahaifinta wanda aurenta ke hannunsa, yana son mai takalmin ya zo ya gaishe shi ranar Juma'a ta mako mai zuwa da hantsi.

Jafaru ya san ma'anar wannan. Gidan shanu ba ya ba da 'ya ga wanda kukan sa ke ɗorawa kan rumbu. In Hadari ya sake buɗe baki a gaban Baffa, Ramlat ta tafi ke nan.

"Ni fa ba tsoro nake ji ba," ya gaya wa mutanen teburin shayi. "Kunnena ne ya fi na kowa kaifi. Ƙara na shiga, ƙafa sai ta tashi ba tare da ta yi shawara da ni ba."

"To ka bar kunnen a gida mana," in ji Jinjiri yana fifita wuta.

"Wannan maganar jahilai ce. Akwai abin da ake ce wa hedifon, marar waya, mai kashe ƙara. Ka sa shi, ko aradu ta faɗi a gabanka sai dai ka ga haske. Shi zan sayo. Zan zauna gaban Baffa kamar dutse."

Da kasuwar Batsari ta zagayo, Goggo Mero, 'yar'uwar babansa da ta rene shi, ta ɗora masa buhun gero ya kai mata niƙa. Ya ajiye shi wurin inji, ya wuce rumfar Nurain mai kayan waya yana kaɗa makullin babur.

"Nurain, fito mini da shiru. Mai kyau nake so, na manya."

Nurain ya zube masa iri uku a kan tebur. "Ga ƙanana masu shiga cikin kunne, ga mai rataya a wuya, ga babba mai rufe kunnen gaba ɗaya. Dukkansu da bulutut suke haɗuwa da waya, ba sai an jona igiya ba. Bari in nuna maka yadda..."

"Ni za ka nuna wa? Ni da na taɓa kwance rediyo na ɗaura, har kusoshi suka yi saura?"

Ya fara da ƙananan. Farare ne, kowanne kamar ƙwayar wake. Ya cusa su a kunne, ya ce bari ya gwada ko za su jure gudun babur, ya shiga girgiza kai kamar ɗan akuyar da ƙuda ya dama. Na dama ya yi tsalle, ya tsallake tebur, ya faɗa cikin kwandon farin waken wata tsohuwa, Fanta, da ke kasa kaya a gefen rumfar.

"Inna, a yi haƙuri, abina ya faɗa cikin wakenki."

"Wane irin abu?"

"Fari ne, ɗan dunƙule."

Fanta ta dubi kwandon, ta dube shi. "To ɗan nan, duk abin da ke ciki fari ne ɗan dunƙule. Kira shi da sunansa ya fito."

Sai da aka shimfiɗa buhu aka juye waken kaf, Jafaru ya durƙusa yana tsinta, kajin kasuwa suna taya shi ba a gayyace su ba. Ya ɗauki wake ya kai kunne ya fi a ƙirga. Da aka samo abin, a bakin wani zakara aka ƙwato shi.

"Wannan na yara ne," in ji Jafaru yana karkaɗe gwiwa. "Dama gwada shi nake."

Ya rataya na biyu a wuya, ya juya gaban madubin Nurain. Wani dillalin awaki da ke wucewa ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mai rumfa, wannan da ka ɗaure, na sayarwa ne ko na kiwo?"

Jafaru ya cire shi kamar ya taɓa wuta.

Saura babban. Baƙi ne wuluk, da ƙoƙuna biyu masu laushi da baka a tsakani. Da ya ɗora shi a ka Nurain ya danna wani maɓalli, sai kasuwar Batsari ta ja da baya kamar an rufe ta da faifai. Jafaru ya zaro ido.

"Amma ka sani," in ji Nurain bayan ya ɗaga masa ƙoƙo ɗaya, "gunjin inji da na mota yake kashewa sosai. Muryar mutum takan ɗan ratso, sai in ka kunna wani abu a ciki. Kuma ga wani maɓalli nan, in ka danna za ka ji mutane ba sai ka cire ba. Sannan don Allah kar ka hau babur da..."

Jafaru ya mai da ƙoƙon wurinsa. Bakin Nurain ya ci gaba da motsi, shi kuwa yana gyaɗa kai yana murmushi. Tun daga nan ya gane ya sami abin da ya dace da shi.

Wurin injin niƙa ya tafi gwaji na gaske. Ya tsaya dab da injin yana ta ɓaɓatu, gari na tashi, mata na toshe kunne da mayafi.

"BA NA JIN KOMAI!" ya faɗa, da muryar da ta sa jakin da ke ɗaure a gefe ya tsinke igiya.

Ya ɗaure buhun garin Goggo a bayan babur, ya kama hanyar Karare da ƙoƙuna a kunne. Bai fita gari ba wata ƙusa ta huda gindin buhun. Gari ya fara zuba, siriri, fari, yana bin taya. Masu tafiya a ƙasa suka riƙa ɗaga hannu suna ihu. Masu girbin dawa suka miƙe daga gona suna nuna bayansa da lauje. Wani mai jaki har ya cire hula yana kaɗawa.

"Ikon Allah," in ji Jafaru a ransa. "Tun ban isa gida ba labari ya bazu." Ya riƙa ɗaga musu hannu ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan takara.

Sai a bakin Karare ya waiwaya, ya ga farin layi ya miƙe har inda ido ya ƙare, awaki sun jeru a kai suna lasa. Ya kwance hiraminsa daga wuya ya ɗaure ramin, ya shiga gida da abin da bai fi tuwon kwana biyu ba.

Goggo Mero mace ce da in ta kira jikanta a Karare, yaran Wagini kan amsa. Ta dubi buhun, ta dubi Jafaru, ta ja numfashi. Jafaru ya yi maza ya danna wayarsa. Dama tun kafin ya bar kasuwa ya ɗauki muryarsa yana yi wa kansa kirari, don ya cike gurbin da Nurain ya ce murya na ratsowa. Goggo ta fara daga ranar da aka haife shi ta gangaro, maƙwabta suka leƙo ta kan katanga, kaji suka bar gidan. Shi kuwa yana tsaye yana kallon bakinta, fuskarsa cike da annuri.

"Wanda ya tare Goggo," ya gaya wa teburin shayi da yamma, "bajimi wasa ne."

"To ya za ka yi da gaisuwa?" in ji Jinjiri. "Baffa Usaini dattijo ne. In ya fara gaishe ka sai shayi ya huce."

"Gaisuwa ai a jere take kamar kunyar gona. Kwana, gajiya, gida, aiki, kaka. Na haddace ta tun ina goye. Bakinsa kawai zan kalla, in ya tsaya in ba da amsa. In gaisuwa ta ƙare aka shiga nasiha, dattijo ba ya son komai sai 'haka ne, Baffa.' Gwada ni ka gani."

Ya sa ƙoƙuna, ya durƙusa. Jinjiri ya gyara murya.

"Ina wuni?"

"LAFIYA LAU!"

"Ina gajiya?"

"BA GAJIYA!"

"Ina jakunan da suka haife ka a kasuwa?"

"SUNA NAN LAFIYA, SUNA GAISHE KA!"

Mutane suka kwanta a kan benci. Wani ya shaƙe da burodi. Jafaru ya cire ƙoƙuna yana duba fuskoki.

"Kun gani? Ko ɗaya ban kuskure ba."

"Ko ɗaya," in ji Jinjiri yana share hawaye. "Allah ya kai mu Juma'a."

Ranar Juma'a ya sa farar riga, ya fesa turare. Da yake bai dace a je gaban dattijo da abu a kunne ba, sai ya kwance hiramin daga buhun Goggo, ya ɗan karkaɗe, ya naɗe kansa da shi har ya rufe ƙoƙunan. Kan ya fito kamar kabewar da ta sha taki.

A bakin dangar gidan, a Babban Duhu, ya tarar da Ramlat da ƙwarya a hannu, kamar dai wucewa take. Ta tsaya. Ta dubi hagu da dama, ta sunkuyar da kai, ta yi magana mai ɗan tsawo, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta kai ƙarshe sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

A kunnen Jafaru kuwa muryarsa ce ke cewa, namijin duniya, kura ta gan ka ta yi sallama. Ya ga bakinta ya tsaya.

"BA GAJIYA!" in ji shi.

Ramlat ta ɗago ta dube shi, ta dubi kabewar da ke kansa, ta juya ta shige gida.

Baffa Usaini yana zaune a kan buzu ƙarƙashin wata tsamiya, da dattawa uku na gidan. Jafaru ya cire takalmi tun daga nesa, ya zaɓi wani wuri mai santsi kusa da wani guntun turmi, ya durƙusa, ya ba garke baya don kar ma idonsa ya gane masa.

"Sannu da zuwa, samari. An tashi lafiya?"

"LAFIYA LAU, BAFFA!"

Tsuntsayen tsamiya suka watse. Dattawa suka zabura. Amma Baffa, wanda kunnensa ya fara nauyi, fuskarsa ta washe.

"Madalla. Yau ga yaron da ke magana a ji. Na yanzu duk kamar sauro suke. Ina gajiya?"

"BA GAJIYA!"

"Mutanen Karare?"

"SUNA LAFIYA, SUNA GAISHE KU!"

"Ya kaka?"

"ALHAMDU LILLAHI!"

Jafaru ya ji daɗi har cikin ƙashi. Dabara tana tafiya kamar babur a kan kwalta. Baffa ya ɗan karkata yana duban naɗin.

"Yaro, wannan kan naka, kumburi ya yi?"

"DA GODIYA, BAFFA!"

"To, Allah ya sawwaƙe. Mai haƙuri ne," ya gaya wa na kusa da shi. Sannan ya gyara zama. Jafaru ya ga alamar an shiga nasiha. "An ce mini kai ne ka hau rumbuna don sa ya yi kuka."

"HAKA NE, BAFFA!"

"An kuma ce kurar da kake ba da labari, ko a mafarki ba ka taɓa ganinta ba."

"HAKA NE, BAFFA!"

"Wato duk cika baki ne."

"ƘWARAI KUWA, BAFFA! HAKA NE!"

Dattawa suka dubi juna. Wani mai farin gemu ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin saurayin da ya amsa laifinsa da ƙarfi haka ba. Baffa ya gyaɗa kai, ya buɗe baki zai sa albarka.

Daidai nan Hadari ya fito daga garke. Guntun turmin nan da Jafaru ya durƙusa kusa da shi, a ciki ake zuba wa bajimin kanwa kullum da hantsi, ga shi yau ya tarar da wani a wurinsa. Ya tsaya, ya tona ƙasa da kofato, ya yi rurin da ya sa ƙwaryar nono rawa a cikin gida.

"Yaro, tashi! Bayanka!" in ji Baffa.

"AMIN, BAFFA!"

"Ka tashi na ce!"

"AMIN, AMIN!"

Dattawa suka tattara buzu suka koma bayan tsamiya. Mata suka fito bakin danga suna salati. Jafaru yana durƙushe shi kaɗai a fili, hannu a gwiwa, bajimi na huci a ƙeyarsa. Ya ji iska mai ɗumi a wuya, ya ce a ransa, Babban Duhu akwai zafi.

"Wallahi namiji ne," in ji mai farin gemu daga bayan itace. "Ƙarya aka yi masa."

Hadari ya sunkuyo ya shinshina naɗin. Ƙamshin garin gero ya daki hancinsa. Ya zaro harshe ya kama bakin hiramin, ya ja. Naɗi ya warware, kan Jafaru ya juya kamar mazari, bakan hedifon ya maƙale a ƙahon dama ya tafi sama. Duniya gaba ɗaya ta faɗo cikin kunnen Jafaru a lokaci guda: salatin mata, ihun dattawa, da rurin Hadari daga tazarar taɓa hanci.

Har yau mutanen gidan suna gardamar ko ya taka gindin tsamiyar ko tashi ya yi. Abin da kowa ya yarda da shi, an gan shi a ƙasa, sai kuma aka gan shi a reshe na sama, ya rungume shi hannu da ƙafa. Hadari ya kaɗa kai, ƙoƙunan suka bugi turmi suka mutu. Wayar da ke aljihun Jafaru ta matsu a jikin reshe, ta ci gaba da abin da take yi, yanzu a fili, da iyakar ƙarfinta.

"Jafaru namijin duniya! Kura ta gan ka ta yi sallama! Wane ne Hadari? Ɗan maraƙi! Ka kama ƙahonsa ka yi sakace da shi!"

Ya kasa sakin reshe balle ya kashe ta. Kirari ya kai ƙarshe ya sake farawa. Baffa Usaini ya zauna a ƙasa don dariya, rawaninsa ya zame. Mata suka riƙe danga. Masu dawowa daga rijiya suka sauke tulu suka tsaya.

Ramlat ce ta fito da kanwa a tafin hannu. Ta kira bajimin a hankali, ya biyo ta garke kamar ɗan rago, ƙoƙuna na lilo a ƙahonsa, yana tauna sauran hiramin.

"Sauko, namijin duniya," in ji Baffa yana share ido. "Ɗan maraƙin ya tafi."

Jafaru ya sauko da guntun riga. Ya durƙusa, wannan karon nesa da turmi, ya sunkuyar da kai. Mutanen da suka san shi sun ce ranar ce farkon ganinsu da hakan.

"Ɗazu ka amsa cewa kai matsoraci ne mai cika baki," in ji Baffa. "Da kunne a toshe ka amsa. Yanzu da yake a buɗe fa?"

Jafaru ya dubi garke, ya dubi bakin danga inda gefen wani mayafi ke leƙowa. 

"Haka ne, Baffa," ya ce, da muryar da sai da Baffa ya sa aka maimaita masa.

"To. Tsoron sa ba abin kunya ba ne, ni ma ka ga inda na tsaya. Kowace Juma'a ka zo ka ba Hadari kanwa da hannunka. Ranar da ya yi ruri takalmanka biyu suna ƙasa kuma kana cikinsu, ka turo manyanka."

Da zai tafi ya sake tarar da Ramlat a bakin danga. Ya tsaya yana murza makullin babur.

"Ramlat, ɗazu da na shigo, me kika ce?"

"Cewa na yi kar ka zauna kusa da turmi. Kuma Baffa tun jiya ya ce ba shi da ta cewa, gaisuwa kawai yake so, kar ka yi wata dabara."

Jafaru ya dafe kai. "Shi ke nan?"

"Akwai saura."

"Mene ne sauran?"

Ta sunkuyar da kai, tana zana ƙasa da yatsan ƙafa. "Ai ka riga ka ba ni amsa. Ka ce ba gajiya."

"Don Allah ki maimaita."

"Irin wannan ba a faɗarsa sau biyu a shekara ɗaya." Ta juya, sannan ta ɗan waiwayo. "Ka riƙa zuwa da kunnuwanka a buɗe. Ba a san ranar ba."

A teburin Jinjiri labarin ya koma cewa Jafaru ya ga bajimin na fama da hayaniyar garke, ya tausaya masa ya ba shi kyautar hedifon. Amma tun daga ranar, in Ramlat ta sauke ƙwaryarta a kasuwar Batsari ta ɗan motsa baki, sai ka ga Jafaru ya kashe babur, ya daka wa mai injin niƙa tsawa ya dakata, ya kori kaji, ya karkato da kunne har hularsa na faɗuwa.

Yawanci cewa take, "Matsa, ka tare mini masu saye."

Shi kuwa ya matsa, ya sake karkato da ɗaya kunnen.